Magani Ma Yana Da Wa'adi: Darasi Daga Cutar Ƙandarewar Jijiyoyin Hanji

A duk ranar kasuwa a Jega, mai wucewa zai tarar da shimfiɗu cike da saiwoyi da sassaƙe da ƙulle-ƙullen garin magani, ga kuma motoci masu lasifika suna shelar maganin basir da na sanyi da na dattin ciki. Haka abin yake a Aliero da Maiyama da ƙauyukan da ke kewaye da su. Masu saye iri biyu ne. Akwai wanda ciwo ya kama jiya, zai sha na kwana uku ko na mako guda ya bari. Akwai kuma wanda ya mayar da jiƙo abin shan kowace safiya, shekara da shekaru, da niyyar wanke ciki ko tsare jiki, alhali babu ciwon da ke damunsa. A kan wannan mutum na biyu maganar take. Ra'ayin da za a kare a nan shi ne, kowane magani, na itace ne ko na kanti, yana bukatar abu uku: awo, da wa'adi, da rubutu. Hujjar kuwa za ta fito ne daga labarin wata cuta da ba kasafai ake samunta ba, wadda likitocin ƙasar Japan suka shafe fiye da shekara ashirin kafin su gano tushenta.

Yadda Jini Ke Kewaya Hanji

Duk wanda ya taɓa gyaran kayan cikin rago ranar layya ya ga wani tantani mai kitse da ke riƙe da hanji, kamar an yi masa ɗinkin tattara. Idan aka ɗaga shi a rana, za a ga jijiyoyi sun bazu a cikinsa kamar rassan itace. Ɗan Adam ma yana da irin wannan tantani. Jijiyoyin da ke cikinsa kashi biyu ne. Kashi na farko su ne masu kawo jini daga zuciya zuwa hanji. Kashi na biyu su ne masu kwashe jinin daga hanji, tare da abin da hanji ya tsotsa na abinci da magani, su kai shi hanta, daga nan ya koma zuciya.

Manomin albasa a Aliero ba ya bukatar dogon bayani a nan. Ya san fangali yana son hanyar shigar ruwa, yana kuma son hanyar fita. Idan hanyar fita ta toshe, ruwa ya kwanta, albasa sai ta ruɓe ko da hanyar shiga lafiya take. Haka hanji yake. Idan jijiyoyi masu kwashe jini suka ƙuntata, jini zai kwanta a jikin hanji, naman wurin ya kumbura, ya rasa iskar da yake rayuwa da ita, sannu a hankali ya yi kauri ya daina motsin da yake tura bayan gida da shi.

Cutar Da Aka Gano A Japan

A shekarar 1991 wasu likitoci a Japan suka ba da rahoton wani majinyaci da babban hanjinsa na ɓangaren dama ya ƙuntata ta wata hanya da ba su saba gani ba. Cututtukan hanji da ƙarancin jini ke haddasawa, galibi daga jijiyoyi masu kawo jini suke tasowa. A wannan karon kuwa matsalar a cikin masu mayar da jini take. Bangonsu ya yi kauri, ya cika da tabo, sa'an nan sinadarin kalsiyam, watau wanda ke ƙarfafa ƙashi da haƙori, ya taru a cikinsu har suka ƙandare. A shekarar 2003 wani masanin cututtuka mai suna Iwashita da abokan aikinsa suka tattara bayanin majinyata 7, suka nuna cewa cuta ce mai zaman kanta, suka ba ta sunan da ma'anarsa ita ce ƙandarewar jijiyoyin hanji. Da yake a lokacin ba a san musabbabinta ba, sai aka riƙa haɗa sunan da kalmar da likitoci ke amfani da ita ga cutar da ba a san dalilinta ba.

Alamominta ba su da wani bambanci da na sauran ciwon ciki: ciwo a ɓangaren dama, kumburi, gudawa ko taurin bayan gida, tashin zuciya da amai. Wasu ma ba sa jin komai, sai an je duba wani abu dabam a ci karo da ita. Abin da ke bambanta ta sai da na'ura ake ganinsa. Hoton na'urar siti sikan yakan nuna jijiyoyin sun fito fari fat kamar zare a gefen hanji. Idan kuma aka zura bututu mai kyamara aka leƙa cikin babban hanji, maimakon launin ja mai haske na lafiyayyen nama, sai a ga wurin ya yi shuɗi mai duhu, wani lokaci har da gyambo. Idan cutar ta yi nisa hanji yakan toshe, kuma babu makawa sai an yanke ɓangaren da ya lalace.

Yadda Aka Kama Mai Laifi

Abu na farko da ya ja hankalin masu bincike shi ne, kusan duk majinyatan mutanen gabashin Asiya ne: Japan da Taiwan da Sin da Koriya. Wasu suka zaci gado ne. Amma a shekarar 2009 aka ba da rahoton wata mata da mijinta da suka kamu da cutar su biyu. Miji da mata tukunyarsu ɗaya, ba lalle jininsu ya zama ɗaya ba, saboda haka hankali ya koma kan abin da suke ci da sha. Su biyun kuwa sun daɗe suna shan maganin gargajiya.

A Japan maganin gargajiya, wanda suke kira Kampo, likitocin asibiti ne da kansu ke rubuta shi, ana kuma sayar da shi a ƙunshe, da sunan kowane itace da nauyinsa a jikin takarda. Wannan ya ba masu bincike damar komawa ga takardun majinyata su jera abin da kowa ya sha. A shekarar 2012 aka buga sakamakon da ya nuna cewa, duk da haɗe-haɗen sun bambanta, akwai abu ɗaya da ke maimaituwa a cikinsu: 'ya'yan wani itace da Japanawa ke kira sanshishi, masana tsirrai kuma suke kira Gardenia jasminoides. Wani bincike na ƙasa baki ɗaya da aka buga a 2017 ya tattara majinyata 222. Daga cikin 169 da aka samu tarihin shan maganinsu, 147 sun sha maganin gargajiya, kuma 119 daga cikinsu sun sha mai ɗauke da sanshishi. Matsakaicin tsawon lokacin shan ya haura shekara 13, kuma fiye da kashi 90 cikin ɗari sun wuce shekara 5 suna sha.

Wani binciken na 2016 ya duba jimillar abin da majinyata suka sha tun daga farko, ya tarar waɗanda suka kamu sun haura giram 5,000 na 'ya'yan itacen. Ga lissafi mai sauƙi da ɗalibin aji ɗaya zai iya yi: wanda ke shan giram 2 a rana zai kai giram 5,000 a cikin kwana 2,500, watau kusan shekara 7. Giram 2 bai cika ƙaramin cokali ba. Da yayyafi kogi kan cika.

Abin Da Ke Faruwa A Cikin Hanji

Bayanin da masana suka fi karkata gare shi shi ne kamar haka. A cikin 'ya'yan sanshishi akwai wani sinadari mai suna jenifosaid. Idan aka sha shi, mafi yawansa yakan ratsa tumbi da ƙaramin hanji bai sauya ba. Da zarar ya isa farkon babban hanji, wanda ke ɓangaren dama na ciki, sai ƙwayoyin bakteriya da ke zaune a wurin su ɓalle sukarin da ke manne da shi, ya koma wani sinadari mai suna jenifin. Shi jenifin yana da halin kama nama: idan ya haɗu da furotin yakan ɗaure shi, ya kuma rina shi shuɗi. Mutanen dajin Amazon a Kudancin Amurka sun daɗe suna zane a fatarsu da ruwan 'ya'yan wani itace mai wannan sinadari, kamar yadda matan ƙasar Hausa ke kwalliya da katambiri. Hanji yakan tsotsi jenifin ya zuba shi cikin jijiyoyi masu mayar da jini, kuma a can ne, kullum kaɗan-kaɗan, yake taɓa bangonsu har su yi kauri su ƙandare.

Wannan bayani ya warware abubuwa uku a lokaci guda: dalilin da ya sa cutar ke farawa daga dama, dalilin da ya sa take kama jijiyoyi masu mayar da jini ta bar masu kawo shi, da dalilin da ya sa hanji ke yin shuɗi. Wani abin da ya ƙarfafa shi kuma shi ne, majinyata da yawa sun sami sauƙi bayan sun daina shan maganin, ba tare da an yi musu aiki ba. Hukumomin lafiya na Japan ba su haramta itacen ba. Abin da suka yi shi ne, a 2018 suka wajabta rubuta gargaɗi game da dogon amfani a takardar magungunan da ke ɗauke da shi.

Me Ya Haɗa Kebbi Da Japan?

Mai karatu na iya cewa wannan cutar mutanen nesa ce, sanshishi kuma ba ya cikin kayan da 'yar mai ganye ke tallansu. Gaskiya ne, kuma babu wanda ya kamata ya ji ciwo a dama ya ɗauka jijiyoyinsa ne suka ƙandare. Amma akwai abubuwan lura.

Na farko, gauɗe da ke fitowa a dazuzzukan ƙasar Hausa ɗan gida ɗaya ne da sanshishi, dukkansu Gardenia ne a wurin masana tsirrai. Kama da wane ba ta wane ba ce, dangantaka kaɗai ba ta isa a ɗora wa gauɗe laifi ba. Sai dai ta isa ta sa masu nazarin sinadarai su auna abin da ke cikinsa, kuma aiki ne da ya dace da jami'ar kimiyya da fasaha da aka kafa a Aliero a 2006.

Na biyu, magungunan gargajiya na ƙasashen waje, na shayi da na ƙwaya, sun shigo kasuwannin Nijeriya, wasu da rubutun da mai saye ba ya iya karantawa.

Na uku, wanda ya fi muhimmanci, darasin bai tsaya ga itace ɗaya ba. A shekarar 1954 likitoci a tsibirin Jamaika suka bayyana wata cuta da ke toshe ƙananan jijiyoyin jini na hanta, musamman ga yara, ciki ya kumbura da ruwa. Daga baya aka danganta ta da shayin ganyen daji da ake ba su, ciki har da na dangin ciyawar nan mai kwanso da 'ya'yanta ke kaɗawa kamar caki, wadda ire-irenta ke fitowa a gonakin Arewa. A farkon shekarun 1990 kuma, a birnin Brasels na ƙasar Beljiyam, mata fiye da 100 da suka sha wani haɗin rage ƙiba suka sami lalacewar ƙoda, da yawansu sai da aka koma yi musu wankin ƙoda ko dashe, wasu kuma daga baya suka kamu da sankarar hanyar fitsari. Bincike ya nuna an musanya wata saiwa da wata ne saboda sunayensu sun yi kama. Saiwar da ta yi ɓarnar daga dangin Aristolochia take, dangin da duman dutse na ƙasar Hausa ya fito daga cikinsa. Har ila yau, likitoci sun daɗe da sanin cewa dogon shan ganyayen da ke sa zawo, irin dangin filasko, yakan mayar da cikin babban hanji baƙi-baƙi, kodayake wannan launi yakan gushe idan an daina. Ashe dai abin da ake sha kullum yana barin sawu a jiki.

Hujjojin Masu Ja

Hujjar da aka fi ji ita ce, kakanni sun sha ba abin da ya same su. Wannan magana tana da ƙarfi ta wani ɓangare. Gwajin ƙarni da ƙarni ya isa ya tace itacen da ke kashewa nan take, shi ya sa ba a jiƙa tunya a ba mutum. Amma cutar da ke ɗaukar shekara goma kafin ta bayyana, ta kuma kama mutum ɗaya cikin masu sha da yawa, ido ba ya iya kama ta. Alal misali, a ƙaddara wata illa tana samun mutum 1 cikin 5,000. Mai maganin da ya ba mutum 500 a tsawon rayuwarsa zai iya tsufa bai taɓa ganinta ba, kuma ko ya gan ta, yaya zai haɗa ciwon cikin yau da jiƙon da aka fara sha tun kafin a haifi yaron da ke sakandare yanzu? Sinawa sun yi fiye da shekara dubu suna amfani da 'ya'yan wannan itace, ga littattafai ga malamai, amma sai da na'ura da takardun asibiti suka haɗu aka ga illar. Bugu da ƙari, ba kowane jiƙo kakanni ke sha kullum ba. Yawancin magani na lokacin ciwo ne. Sayar da shi a jarka ga kowa da kowa, a ce a sha safe da yamma har illa ma sha Allahu, sabon abu ne da kasuwa ta kawo.

Hujja ta biyu ita ce, masu wannan magana so suke su kashe maganin gargajiya. Tarihin kimiyya bai goyi bayan wannan zargi ba. Kwinin daga ɓawon itace aka samo shi. Atemisinin, ginshiƙin maganin zazzaɓin cizon sauro a yau, daga wani ganyen ƙasar Sin Tu Youyou da abokan aikinta suka fitar da shi a farkon shekarun 1970, aikin da ya sa ta sami lambar Nobel a 2015. A Abuja ma, cibiyar binciken magunguna ta ƙasa ta haɗa Niprisan domin masu amosanin jini daga tsirrai huɗu, ciki har da masoro da kanumfari da karan dafi. Itace yana aiki ne domin akwai sinadari mai ƙarfi a cikinsa, kuma abin da ke da ƙarfin warkarwa yana da ƙarfin cutarwa idan ya wuce kima. Wanda ya ce itace ba ya illa, a fakaice cewa ya yi ba ya magani.

Hujja ta uku ita ce ta talauci, kuma ita ce mafi nauyi. Manomi a ƙauyen Maiyama da ke fama da basir ya san kuɗin mota da na kati da na gwaji, ya kuma san ƙullin magani bai kai haka ba. Na'urorin da ke gano irin wannan cuta sai a manyan asibitoci irin na Birnin Kebbi da Sakkwato. Amma wannan hujja, idan aka juya ta, gargaɗi ce. Ba-Japane da jijiyoyinsa suka fara ƙandarewa yana da likitan da zai gani da wuri ya ce ya daina. Wanda ke nesa da na'ura ba shi da wannan gata, saboda haka shi ya fi kowa bukatar kiyaye awo da wa'adi, domin su ba sa cin ko kwabo.

Abin Da Ya Kamata A Yi

Ga masu ba da magani, misali yana nan a gida. Aliero ta yi suna wajen ɗori, kuma maɗori ba ya ɗaure karaya ya ce a bar karan har abada. Yana duba wurin, yana sassautawa, yana da ranar kwancewa. Wannan ƙa'ida ita ta kamaci maganin sha: a faɗi yawan da za a sha, a faɗi kwanakin, a ce wa mai sha idan wa'adi ya cika bai ji sauƙi ba ya nufi asibiti. Ya kamata kuma ƙungiyoyin masu maganin gargajiya su hori 'ya'yansu da faɗin sunayen itatuwan da ke cikin haɗi. Sirrin sana'a yana cikin gwaninta, kuma garin da ba a san abin da ke cikinsa ba, idan ya yi ɓarna, ba mai iya bin sawunsa.

Ga masu sha, ranar wanka ba a ɓoye cibi. Wanda ya je asibiti ya faɗa wa likita duk abin da yake sha da tsawon lokacin da ya ɗauka yana sha, in da hali ya tafi da samfurinsa. Ma'aikatan lafiya su ma su yi tambayar cikin mutunci, domin majinyacin da aka yi wa tsawa sau ɗaya ba zai sake faɗin gaskiya ba. Wannan horo ne da ya cancanci a ba shi muhimmanci a kwalejin koyon aikin lafiya da ke Jega. Ciwon ciki da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ko jini a bayan gida, ko rama ba dalili, ko amai tare da kumburi da rashin fitar bayan gida, alamu ne na zuwa asibiti, ƙara jiƙo a kansu ɓata lokaci ne. Lambar hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, tana da amfani a jikin kwalba, amma ba izini ba ce na a sha abu shekara goma ba hutu.

Ga malamai da ɗalibai kuwa, akwai aikin da ba ya bukatar ɗakin gwaji. Ƙungiyar kimiyya ta kowace sakandare a Jega da Aliero da Maiyama za ta iya buɗe littafi guda. Ɗalibai su tambayi iyaye da kakanni, cikin ladabi kuma da yardarsu: wane itace ake sha a gidan, wane ɓangarensa, domin wane ciwo, sau nawa a rana, tun yaushe? A rubuta amsa ba tare da sunan kowa ba, a busar da ganyen a manna shi a takarda da sunansa na Hausa da inda aka samo shi. Malamin lissafi ya taimaka a fitar da jimillar abin da mutum ya sha a shekara, malamin ilimin halittu ya taimaka a gane dangin itacen. Idan makarantu goma suka yi haka shekara biyar a jere, za a sami abin da masanan jami'a za su ɗora bincike a kai, a kuma adana ilimin tsofaffi kafin su tafi da shi.

Kammalawa

Abin da ya tona asirin cutar ƙandarewar jijiyoyin hanji shi ne takardun da aka rubuta sunan itace da nauyinsa da ranar da aka fara sha. Ba don su ba, da har yau ana kiranta cutar da ba a san dalilinta ba. Ƙasar Kebbi tana da itatuwa, tana da masana itatuwa, tana da jami'a da makarantu. Abin da ya rage shi ne mai bayarwa ya auna ya yanke wa'adi, mai sha ya kiyaye ya kuma faɗa wa likita gaskiya, ɗalibi ya ɗauki alƙalami ya rubuta. In kunne ya ji, jiki ya tsira.